Akushin Baba a Kan Firij

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma, sai dai bana Baba ya riga mu. Surukina ne, mahaifin maigidana. Ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. Ya rasu a ƙarshen zafin bana a wani asibiti kusa da gidanmu a Landover, cikin jihar Maryland ta Amurka, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi can gefen Virginia, nesa ƙwarai da kogin ƙasar Kabi inda aka haife shi. Ina rubuta wannan saboda jikokinsa. Ana yi musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci, ina tsoron ranar da za su ce kakansu wani tsoho ne mai carbi, shi ke nan abin da suka sani.

Ranar da aka dawo daga jana'iza falonmu ya yi kaɗan. Takalma sun cika ƙofa har bakin matakala. Likitoci da injiniyoyi 'yan gida suka zauna a kafet suna cewa Baba mutum ne mai tsari. Amininsa, wani dattijo ɗan Nijar mai tuƙa tasi, sai share ido yake da bakin rawani. Maƙwabciyata, nas ce 'yar Filato da muke aiki tare, ta baro cocinta ta zo ta kama mini tukunya. Kowa ya faɗi alheri, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma kicin ɗinmu ba shi da ƙofa, daga falo ana hango firij, a kan firij ɗin kuwa akwai baƙin akushi a kife. Na lura duk wanda ya shafa fatiha sai idonsa ya je can ya dawo.

Ƙanin mijina, wanda Baba ke kira Auta, ya taso daga Woodbridge da jajayen idanu. Bai ko zauna ba ya dubi firij ya ce, da muryar da kowa zai ji, "Ashe har yanzu a kife yake."

Maigidana yana zaune a lungu, kansa a ƙasa. Tun daga asibiti bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Bai ɗago ba. Ni kuwa ludayi na hannuna, Allah ne ya riƙe ni ban jefa shi ba.

Sai na koma baya kafin a gane abin da Auta yake nufi.

Gidansu Baba gidan sarautar ruwa ne, shi ma ya riƙe Sarkin Ruwan garinsu kafin ido ya fara ba shi wahala. Aikin ido ya kawo shi Amurka. Aka yi aikin bai yi wani kyau ba, matarsa kuma ta riga ta rasu a gida, sai 'ya'yansa suka hana shi komawa. Ya zo da jaka ɗaya, da buta, da wannan akushi naɗe cikin tsohuwar riga. Ni Bakanuwa ce, iyakar sanina da kifi a soye ne a faranti, har dariya nake in na ji ya ce "kihi". Shi kuma ya ce Kanawa ko rijiya suka gani sai sun nemi wanda zai riƙe musu hannu.

Ruwan famfo bai taɓa shan shi kai tsaye ba. Sai ya tara a kwano ya bar shi ya kwana, wai ruwan nan a firgice yake fitowa. Kifin kanti mai ƙanƙara kuwa, in na dafa, zai ci loma biyu ya ce, "Ɗiyata, miyarki ta yi daɗi. Amma wanga kihi ya daɗe da mantawa shi kihi na." Da na shekara da shekaru ban haihu ba, dangi suka riƙa aiko kaset daga gida, ana gaisuwa ana sako magana a ciki. Baba ya sa aka kawo masa rikoda, ya ɗauki muryarsa ya aika. Ina daga ɗaki na ji yana cewa, "Ku ƙyale ɗiyata ta huta. Ni ban zo Amurka ƙidayar jikoki ba." Daga ranar ba a sake ba. Wannan kaɗai ya isa in yi masa addu'a har in mutu.

Amma ba zan yi masa kwalliyar da bai yi wa kansa ba. Baba yana da baki, kuma a kan ɗansa na fari ya fi sauke shi. Maigidana ne ɗan farin, Baba kuwa mai tsananin kunyar ɗan fari ne. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. Sai ya dubi bango ya ce, "A gaya ma wancan ya rage gudu bisa hanya," alhali wancan ɗin yana zaune kusa da shi. In baƙi sun zo sai ya ce, "Ga ɗan Sarkin Ruwa da ko tarwaɗa tag gane shi sai ta yi dariya. Boko ya cinye shi." A yi dariya, maigidana ma ya yi, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san inda maganar take sauka. Abu ɗaya ne ya haɗa su. Kullum bayan magariba sai in zuba tuwo a akushin nan, uba da ɗa su zauna a ƙasa su sa hannu tare. Ba sa hira. In Baba ya ture tsokar nama zuwa gefen ɗansa, to ranar ya ji daɗinsa ke nan.

Wajen tsakiyar shekarun nan na tamanin aka ce jihar Maryland ta hana kama wani kifi a Chesapeake, babban hannun tekun nan da ya shigo ƙasa kusa da mu. Mutanen nan suna ce masa rokfish, Baba ya raɗa masa Mai-zane saboda layukan jikinsa. An kama shi har ya kusa ƙarewa. Maigidana yana fassara labarin daga talabijin, sai Baba ya gyara zama ya ce, "Ashe suna da Sarkin Ruwa!" Da ya ji kifi ɗaya kawai aka hana, ana ci gaba da zuba raga da tarkon kaguwa a wurin, sai murnar ta ragu.

"Sun ruhe kihi guda, ba su ruhe ruwa ba," in ji shi. "Amma dai sun soma."

Ranar ya ba ni labarin gurbi. A koginsu akwai wani wuri mai zurfi da ake kafa wa turke a ɗaura kaba a kai. Daga turken nan zuwa wancan ba homa, ba taru, ba ƙugiya, ko ciyawar bakin ruwa ba a yanka. Ba don aljanu ba, in ji shi, ko da yake ana barin yara su ɗauka haka. A nan kifi ke tsufa. Babbar uwa guda, in an bar ta ta girma, ƙwan da za ta zuba ya fi na ƙanana masu yawa, 'ya'yanta kuma sun fi ƙwari. In gurbi ya cika sai ya yi amai, kifi ya fantsama sama da ƙasa, masunta su jera jirage a bakin turke suna kwasa. Wanda ya fi kowa zagin Sarkin Ruwa, in ji Baba, shi ne ya fi kowa sammakon kama wuri a bakin turken.

A bazarar shekarar Allah ya ba ni haihuwa. A gidansu, ranar suna, uban jariri yakan ajiye kifin da ya kama da hannunsa a gaban mahaifinsa. Ba wanda ya sa ran haka a Landover, rago ma sai da aka je wata gona aka yanko. Ana gobe suna maigidana ya fita tun da safe ya ce zai sayo kaya. La'asar ta yi sai ga shi da wani abokin aikinsa mai ƙaramin jirgi, suna ciccibe da kula, suna waige-waige a matakala. Suka shimfiɗa jaridu a ƙasan kicin suka juye. Ban taɓa ganin kifi irin wannan ba, ya kusa kai tsawon ƙofar firij. Fuskar maigidana kuwa kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Aka kamo hannun Baba aka kawo shi. Ina zaune a kujera da jaririya, maƙwabciyata ta riga ta ɗauko wuƙa. Baba ya tsuguna, ya bi jikin kifin da tafin hannu tun daga kai. Na ga murmushi ya fara zuwa masa, wallahi na gani. Da hannunsa ya iso ciki sai ya tsaya. Ya danna a hankali. Ya kai fuskarsa kusa har ya ga layukan.

"Macce ta," ya ce. "Ciki gare ta." Ya dubi bango. "A tambayi wancan, ina yak kamo ta?"

"Baba, guda ɗaya ce tak," in ji maigidana. "Saboda kai na..."

"A tambaye shi, ruwan da anka ruhe?"

Maƙwabciyata ba ta san abin da ke faruwa ba, ta riga ta tsaga cikin. Ƙwai ya zubo kan jarida, tuli guda, ya fi ƙarfin babban kwano. Baba ya miƙe ba tare da an kama shi ba, ya lalubi akushinsa a ma'ajiyar kwanuka, ya ɗora shi a kan firij ya kife. Ya wanke hannu ya shige ɗaki.

Haka ake yi a gidansu. Sarkin Ruwa ba ya dukan wanda ya taɓa gurbi, ba ya cin sa tara. Kife masa akushi yake, ba za su sake haɗa hannu a abinci ba sai ruwa ya yafe. Ruwa kuwa ya yafe ne ranar da aka ga 'ya'yan kifi sun cika bakin gaɓa a wurin da aka yi ɓarnar, kuma ba a karɓar shaidar mai laifin, sai wani ya gani. A garinsu wannan abin damina ɗaya ne ko biyu. A nan kuwa teku ce, ta ƙasar wasu, ba wanda ya san ranar.

Aka yi suna, aka ci rago, kifin nan maƙwabta suka raba a ɓoye. Daga ranar Baba yana ci a ɗakinsa a kwanon silba, maigidana yana ci a tebur da cokali shi kaɗai. Liman ya zo ya yi nasiha a kan yanke zumunci. Baba ya saurare shi har ƙarshe ya ce, "Malam, ina amsa gaisuwa tai. Ina yi mai addu'a kowace salla. Akushi ɗai nik kihe." Auta kuwa ya bi bayan Baba ɗari bisa ɗari, ya ce Yaya ya zubar da mutuncin gida, kuma da an kama shi da kifin nan da takardun zamansa ma sun shiga matsala. Gaskiya ya faɗa, amma faɗin gaskiya ba wuya ga wanda yake zuwa sau ɗaya a wata ya ci abinci ya kama haiwe ya tafi. Ni ce nake ɗauke kwano biyu kullum daga wuri biyu.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Na kai wa Baba abinci na ƙi fita. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, amma kai ka tura shi. Shekara nawa kana ce masa tarwaɗa za ta yi masa dariya? Ya je ya kawo maka abin da ya ɗauka kana so, ka kife masa akushi. Ruwan ma ba naka ba ne, na Turawa ne."

Na ɗauka zai kore ni. Sai ya juya carbi ya ce, "Kin yi gaskiya ga ta farko. Ta biyun ko, kihi bai san Bature ba."

Sai ya gaya mini abin da ko 'ya'yansa bai taɓa zama ya gaya musu ba. A shekarun fari, lokacin yana riƙe da ruwa a madadin mahaifinsa da ya tsufa, mutane suka taru a ƙofarsa. Yunwa ce ta gaske. Suka ce ba buɗewa za a yi ba, a dai bari a jefa ƙugiya kawai, ranar kasuwa kawai. Ya tausaya ya yarda. Daga ƙugiya aka koma mamari mai jerin ƙugiyoyi, daga ranar kasuwa aka koma jajiberinta, wanda aka hana ya ce don me aka bar wane. Manyan uwayen nan su suka fara tafiya, don su suka fi cika tukunya. Kafin ruwa ya dawo gurbi ya zama kamar kowane wuri, kogin ƙasa da shi ma ya mutu. Wani gari can gaba da suka toshe kunne suka bar nasu a rufe, wurinsu aka koma sayen kifi.

"Rabin ruhi ba ruhi ba na," ya ce. "Kowa guda ɗai yaka ɗauka, ɗiyata. Ban taɓa ganin wanda yac ce shi biyu yaz zo ɗauka ba." Mahaifinsa ya kife masa wannan akushin dai, ya kuma rasu bai buɗe ba. Wani baffansa ne ya ba shi akushin bayan an yi arba'in.

Na ce, "To Baba, kai da ka san zafin abin?"

Ya ce, "Shi ya sa nika son a kai ni bakin ruwa ran Asabar."

Haka muka shiga zuwa bakin ruwa, in dai ba sanyi ya hana ba. Maigidana yana tuƙi, Baba a gaba yana kallon taga, ni a baya. Akwai wani wuri mai yashi a bakin kogin da ke zuba cikin Chesapeake, kusa da inda aka kamo uwar kifin nan. Maigidana yakan tsaya jikin mota. Ni nake kama hannun Baba har bakin ruwa, in tattare zane in shiga zuwa idon sawu in duba masa ko 'ya'yan kifin sun zo, tunda nasa idon ya tafi.

"Mi kig gani?"

"Ruwa, Baba. Da 'yar kaguwa."

"Duba dai."

"Babu, Baba."

Sau da yawa na yi niyyar in ce akwai, don a huta. In na waiwaya na ga yadda ya karkato kunne yana jirana, sai bakina ya ƙi. Mu koma mota mu kama hanyar gida.

A wurin nan muka taɓa haɗuwa da wani tsohon masunci baƙar fata, jirginsa a ɗaure, yana kankare fenti. Baba ya sa na gaishe shi, na gaya masa shi ma masunci ne, kuma a ganinsa da ma wuri guda aka ware aka rufe shi gaba ɗaya har abada, kowa ya yi su a gefensa. Mutumin ya ajiye abin kankarar ya dube mu sama da ƙasa. Ya ce in tambayi tsohon, kafin kifin ya dawo, shi da iyalinsa me za su ci? Ya ce masu rufe ruwa ba su taɓa kwana da yunwa ba. Na fassara ina jin kunya. Na jira Baba ya kawo hujja, bai kawo ba. Ya cire hularsa ya mayar, ya ce in ce masa Allah ya kawo sauƙi. A mota ya ce wa taga, "Gaskiya tai. Haka sunka ce man, da wagga murya." Ranar bai taɓa abincinsa ba.

Bana da zafi ya tsananta Baba ya faɗi a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ni nas ce, da na ga fuskar likita na san sauran. Hannun dama ya tafi, magana ta yi nauyi, aka hana ba shi komai ta baki. Ranar Asabar ina zaune gefen gadonsa da hantsi, maigidana bai zo ba. Ina cikin ƙulewa sai wayar ɗakin ta yi ƙara. Shi ne, daga wayar kan titi, yana haki.

"Na gan su! Wallahi na gan su, sun cika bakin yashi, kamar yatsa kamar yatsa, zanen ya fara fitowa! Na ɗebo a bokiti, ga ni nan, zai taɓa da hannunsa!"

Na juya wa gado baya na rage murya na ce, "Ka ɗebo daga ina?"

Ina jin motoci na wucewa ta bayansa. Kafin in ƙara wata kalma layin ya yanke.

Baba ya motsa baki. Na kai kunne. "Mi yac ce?"

"Ya ce ya gan su, Baba."

Ban faɗi zancen bokiti ba. Na zauna ina kallon ƙofa, ina jin numfashin Baba yana hawa yana sauka. In mutumin nan ya shigo da bokiti, ya sake ɗiba daga ruwan da aka rufe ke nan, a gaban uban da ba shi da sauran lokacin jiran wata bazara. In kuma ya zo hannu wofi, ba shi da shaida, don ni da ake yarda da idona ina nan zaune. Duk takun da na ji a baranda sai in ɗauka shi ne. Azahar ta wuce ban iya tashi na yi salla ba.

Da ya turo ƙofa hannunsa na fara dubawa. Ba komai. Wandonsa a jiƙe har gwiwa, takalmi duk yashi. Ya durƙusa gefen hagu, ya ɗora hannunsa a kan zanen gado. Baba ya lalubo hannun ya ja shi zuwa hancinsa ya shinshina. Ya dubi silin.

"A tambaye shi... ina su?"

"Baba, na ɗebo," in ji maigidana. "Na kai har but ɗin mota. Na koma na mayar."

"Duka?"

"Duka, Baba. Na tsaya sai da na ga sun shige."

Ya kifa fuskarsa a katifa yana kuka. Saboda haka bai ga abin da na gani ba. Hannunsa yana kife a kan zanen gado. Baba ya kama shi da hannun hagun nan da ya rage masa, ya yi ta fama har ya juya shi, tafin ya dubi sama. Ya haɗa yatsunsa ya sa a cikin tafin kamar mai yankar loma, ya kai bakinsa. Ya tauna. Sannan ya sake haɗa yatsun ya tura wani abu da babu shi zuwa gefen ɗansa. Bai ƙara magana ba, washegari ya cika.

Na gaya wa maigidana abin da na gani tun a mota, muna dawowa daga asibiti. Ya ce, "Lallashina kike. Mai mutuwa yana lalube ne kawai. Bai faɗa da baki ba." Na ce yaushe Baba ya taɓa faɗa maka wani abu da baki? Bai saurare ni ba, ya kuma ƙi abinci.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, Auta ya yi gyaran murya. Ya ce akwai mai tafiya gida, za a naɗe akushin Baba a aika wa dangi yadda ya bar shi, a kife, don haka al'ada ta ce. Kowa a falon ya san ma'anar wannan: garinsu duka zai ji cewa Sarkin Ruwa ya mutu bai yafe wa ɗan farinsa ba. Liman ya ce wannan ba addini ba ne. Auta ya ce shi bai ce addini ba ne, amanar mahaifinsa ce. Maigidana ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "A aika."

Ban san lokacin da na baro kicin ba. Maƙwabciyata ta riƙe mini mayafi na fizge. Na tsaya a bakin kafet a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba, na faɗi abin da na gani a asibiti tun daga farko, har na kwatanta da hannuna.

Auta ya ce, "Matar Yaya, ba na ƙaryata ki. Amma ke matarsa ce. Dole ki so a rufa masa asiri."

Na ce, "Auta, shekarun nan duk da idona Baba yake duba ruwa. Kana Woodbridge, ni nake shiga har idon sawu. Duk Asabar ina iya cewa akwai, ba mai kama ni, na ce babu, mijina yana tsaye jikin mota yana ji. Da nake cewa babu ba wanda ya tuna ni matarsa ce. Yau na ce akwai."

Sai aminin Baba ya share ido ya ce, "Walahi haka ne. Ya sha gaya mini cikin mota, duk Amirik ba idon da ya yarda da shi sai na ɗiyar nan."

Auta ya tashi ya shiga kicin, ya miƙa hannu kan firij ya sauko da akushin. Bayansa duk ƙura da maiƙon girki. Ya goge da hannun rigarsa, ya kawo tsakiyar falo ya durƙusa a gaban wansa, ya juya shi. Cikin yana nan fes kamar jiya aka wanke.

Na zuba tuwo, na zuba miyar kuka, na kawo ruwan wanke hannu. Maigidana ya dubi akushin bai motsa ba. Auta ya wanke hannu, ya naɗe ƙafa, ya ɗora hannun a gwiwa ya jira.

"Yaya, yunwa nake ji," ya ce. "Ka san kuma ba zan riga ka sa hannu ba."

Har yau ba a buɗe ruwan ba, ana dai ta cewa kifin yana dawowa. Baba bai ga ko ɗaya da idonsa ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa da kaifin bakinsa, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ya shayar da shi daga tafkin da ba ya ƙafewa. Ku kuma jikokinsa, in kun ga baƙin akushi a kan tebur kuna tambaya me ya sa ba a taɓa kife shi ko an wanke, sai dai a jingine shi ya tsane, to ga dalili. A cikinsa na ga mahaifinku ya yanki loma, ya kai baki, sannan ya ture tsokar nama zuwa gefen ƙaninsa.